Tocila da Ƙwan Tantabara

Ni mace ce da ba ta yarda da rubutun kwali ba. Duk abin da aka rubuta a jikin kwalin kaya, a wurina zancen mai talla ne har sai na gwada da hannuna. Daga Zariya na taho da wannan hali, amma a Jidda ya sami wurin zama, domin duk hutun da zan je gida sai mahaifiyata ta ce in taho mata da tocila. Ba ta neman atamfa, ba ta neman turare, ita dai tocila mai haske wadda ake yi wa caji. Na kai mata wata mai rediyo a jiki, ta mutu kafin azumi. Na kai mata wata ƙatuwa mai mariƙi kamar buta, ita kuma haskenta ya koma ja-ja tun ban gama hutuna ba. Daga nan duk ranar da muka yi waya, bayan gaisuwa sai ta ce, "Tocilarki na gaishe ki, tana nan kwance ƙarƙashin gado, Allah ya ji ƙanta." Abin yana ba ni dariya, kuma yana ci mini rai.

Saboda haka a wannan shekarar na ɗaura ɗamara. Na shiga wani shagon kayan wuta a unguwarmu ta Waziriyya, na ce wa mai shagon ya ba ni wadda ta fi duk sauran. Ya miƙo mini wata 'yar baƙar aba ta ƙarfe, tsawonta bai wuce yatsana na tsakiya ba, madanni ɗaya a gindinta, kuma da cajar waya ake ba ta wuta. Na juya ta, na dube shi, na ce ko wasa yake yi da ni. Sai ya karɓa ya ɗaga ta sama ya danna. Fitilun shagon duk a kunne suke, amma sai ga wata farar da'ira ta fito tangaram a jikin silin. Na saya, amma na gaya masa cewa idan ta yi mini halin 'yan'uwanta zai sake ganina.

Da na zo gida gwaji, sai na tarar da matsalar da ban taɓa tunaninta ba, wato babu duhu a Jidda. Titi fitila, shago fitila, masallaci fitila, sama kanta ba ta yin baƙi, wani ruwan goro take yi saboda hasken gari. Ba a ɗauke wuta, balle in sami dama. Ni kuwa da na tashi a inda ake ihun murna idan an kawo wuta, har yau ba na iya ganin soket babu komai a jikinsa sai na maƙala wani abu. Maigidana yakan ce, "Ke kaɗai ce a garin nan kike jiran a ɗauke wuta." Nakan ce masa ranar da za a ɗauke, kada ya zo neman aro.

Sai na koma banɗaki. Na kulle ƙofa, na toshe ƙasanta da tawul, na kashe fitila. Dannawar farko haske ne mai laushi, wanda tsohuwa za ta iya neman carbinta da shi ba tare da ta tashi jikokinta ba. Ta biyu ta isa a tsince shinkafa. Da na danna ta ƙarshe kuwa, farin tayil ya maido mini da hasken a fuska, na runtse ido ina salati, na daɗe ina ganin wasu korayen ɗigo suna yawo. A wannan matakin kanta yana yin zafi da sauri, har sai ka sauya hannu. Na bar ta a kunne cikin kabad don in ga ƙarshen cajinta, na je aiki na dawo tana nan tana ci. Na tsoma ta a bokiti, ta haska ruwan daga ƙasa ko gezau. Akwai kuma ranar da na ɗora ta a tafin hannuna don wasa, sai na ga hannun ya koma jawur ta baya, da inuwar ƙasusuwan yatsuna a ciki. Na fara jin kunyar dariyar da na yi wa mai shago, amma ban koma na gaya masa ba.

A benen da muke haya, a hawa na ƙarshe, akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Khala, wato inna da Larabci. A unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife ta, iyayenta alhazai ne daga ƙasar Kano da suka zo suka zauna, ita kuwa ba ta taɓa taka Najeriya ba. Hausarta irin ta kakata ce, tsofaffin kalmomi da na manta da su, sai kuma ta karya kwana ta faɗa Larabci ba ta ma san ta faɗa ba. Ɗanta direba ne a wani gida a Abhur, can gefen gari, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Abokan zamanta na kullum tantabaru ne da take kiwo a saman bene, cikin wani akurki na katako da raga, kusa da tankin ruwa.

Tantabarun nan iri biyu ne. Akwai na gari, masu ruwan toka, waɗanda ba ta damu da su ba sosai. Akwai kuma farare masu jan wuya, waɗanda take kira na Ummi, wato na mahaifiyarta. Ta ce mahaifiyarta ce ta fara kiwonsu a tsakar gidansu na Ruwais tun ita Khala tana goye, kuma tun daga lokacin ba a taɓa yanke irin ba, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika. Gidan Ruwais ya tafi, kayan ɗakin mahaifiyar an raba sun ƙare, ko hoto ba ta bari ba domin ba ta yarda a ɗauke ta. Abin da ya rage wa Khala daga hannun uwarta mai numfashi ke nan. Ranar da suka taso zuwa Waziriyya, a cinyarta ta riƙo kwandonsu cikin mota.

A wannan zafin wata cuta ta shiga akurkin. Kullum da safe sai ta tsinci gawa, kuma cutar ta fi kama fararen. Da abin ya lafa, mace ɗaya da namiji ɗaya suka rage mata a cikinsu. Suka yi ƙwai biyu, Khala ta fara murmushi, sai kuma wata kyanwa ta yaga ragar ta shiga, ta kashe iyayen duka biyun. Khala ta ɗauki ƙwayayen nan da ɗuminsu, ta cire na wata tantabarar gari da ta soma kwanci, ta sa mata su. Daga ranar ba ta da zance sai na ƙwai. Idan na haɗu da ita a matakala na ce ya gida, sai ta ce, "Tana kwance a kansu, alhamdu lillah."

Wata Juma'a da hantsi na hau sama shanya. Tocilar tana aljihun rigata, domin a lokacin ko kicin zan shiga da ita nake shiga. Na tarar da Khala zaune a kan wani bokiti da ta kifa, kwanon ruwa a gabanta, ƙwai ɗaya a tafin hannunta. Ba ta amsa sallamata da ƙarfi ba.

Na ce, "Khala, lafiya?"

Ta ce, "Khalas, ya binti, shi ke nan, 'yata. Sun ƙare. Lokacinsu ya yi, shiru, shiru. Na ce bari in gwada su yadda Ummi take yi. Na sa su a ruwa, dukansu suka taso sama. Baragurbi ne."

Ban yi mata musu ba, domin ni ma abin da na sani ke nan. Duk wanda ya taɓa sayen ƙwan zabi a tasha ya san ƙwaryar ruwan da mai talla ke yawo da ita: wanda ya nutse mai kyau ne, wanda ya taso a mayar mata da abinta. Khala ba ta taɓa ganin tashar ba, amma gwajin ya biyo uwarta ya tsallake teku ya same ta. Ta ce ɗayan ta riga ta jefa shi a ledar shara, wannan kuma hannunta ne ya ƙi sakinsa. Ta ce, "Shekara da shekaru, ya binti, a hannuna za su yanke. Me zan ce mata?"

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma ni ba gwanar rarrashi ba ce. Ina laluben abin faɗa hannuna ya taɓa tocilar a aljihu, sai na tuna yadda ta ratsa tafin hannuna. Na ce a raina, abin da ya ratsa nama da jini, ai ɓawon ƙwai ba zai gagare shi ba. Na ce, "Khala, kafin ki yar, bari mu leƙa cikinsa."

Ta ce, "A fasa? La, wallahi, ba zan iya gani ba."

Na ce, "Ba fasawa. Taho ki gani."

Akwai wani ɗan ɗaki a bakin matakala inda ake jibge tsofaffin katifu da gwangwanayen fenti, ba taga. Muka shiga, na ja ƙofar ƙarfen, na cusa zanen da na zo shanyawa a ƙasanta. Zafi kamar a gasa mutum, ga warin ƙura, amma ga duhu na gaske, irin wanda na yi ta nema. Na karɓi ƙwan. Bakin tocilar daidai yake da faffaɗan gefensa, kamar an auna. Na naɗe yatsuna a mahaɗar don kada haske ya tsere, na danna mataki na biyu, saboda na san zafin na ƙarshe.

Ƙwan ya kama haske gaba ɗaya, ya koma ja mai ruwan zinariya a cikin hannuna. Ta saman akwai wani fili fayau, babu komai a ciki sai iska. Ƙasa da shi duhu ne cunkus. A tsakaninsu kuwa, a bakin iyakar, ga jijiyoyi jajaye sirara, sun fi zaren ɗinki siranta, sun yi rassa sun bazu a jikin ɓawon. Ina cikin kallonsu sai duhun nan ya motsa.

Na ɗauka hannuna ne ke rawa. Na riƙe numfashi, na dafa gwiwar hannuna a bango. Ya sake motsawa. Wani ɗan tsini ya taso daga cikin duhun ya shigo filin iskar, ya buɗe, ya rufe, ya koma. Baki ne. Ɗan tsuntsun yana ciki da ransa, ya riga ya huda zuwa wurin iskar, yana koyon numfashi.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani ƙaramin asibiti. Kullum jini nake gani, a kwalba, a kan gilashi, ƙarƙashin madubi, har ya zame mini kamar ruwan famfo. Amma ban taɓa ganinsa a inda yake aikinsa ba, a rufe, ba wanda ya taɓa shi, yana ciyar da wata halitta da ko ido ba ta buɗe ba. Tsikar jikina ta tashi. Abu ne da ake yi kullum a kowane akurki a duniya, a cikin duhu, ba mai kallo, sai ga shi yau an ɗaga mana labule mu biyu. Na ji na yi ƙanƙanta, kuma na ji daɗin ƙanƙantar. Bakina ya kasa furta komai sai subhanallahi, shi ma a hankali, kamar ina tsoron ya ji ni.

Khala ta matso har goshinta ya taɓa nawa. Ta ce, "Shufi, shufi! Duba, ya binti, yana motsi! Ya Rabb!" Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Na ji bakin tocilar ya fara ɗumi, na kashe, muka tsaya cikin duhu muna numfashi. Ta ce in sake. Na sake kunnawa na ɗan lokaci, bakin nan ya sake buɗewa, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

Sai kuma ta saki hannuna. Ta ce, "Ɗayan fa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta tura ƙofar, ta kai ƙwan akurki ta tura shi ƙarƙashin tantabarar garin nan, wadda ta kai mata duka da fiffike sannan ta gyara zama a kansa. Daga nan ta nufi ledar sharar da ke rataye a bakin matakala, ta zazzage ta a ƙasa, tana tona ganyen shayi da ɓawon albasa da hannu. Ta same shi. Ya tsage ta gefe, kuma ya huce. Muka koma ɗakin, na ɗora shi a bakin tocilar. Komai iri ɗaya ne da na farko, filin iskar, duhun, har ɗan bakin ya shigo. Amma jijiyoyin sun dushe, kuma babu abin da ya motsa. Na jira, na juya shi, na danna mataki na ƙarshe ko idona ne. Tocilar ta nuna mana shi sarai, ba ta rage komai ba. Da na so ta yi ƙarya a wannan karon, amma ba irinta ba ce.

Khala ta karɓe shi ta rufe a tafinta. Ta ce, "Ni na kashe shi. Da hannuna." Na ce ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, kuma da ni ce da kwanon ruwan, abin da zan yi ke nan. Ta fita da shi. Ta je wurin tukunyar ɗoɗɗoyar da take shukawa a gefen tanki, ta tona da cokali, ta binne shi.

Da yamma na kira mahaifiyata na ba ta labari. Tun ban kai ƙarshe ba ta katse ni. Ta ce, "Kai, amma ku biyun nan an yi sakarkaru! Gwajin ruwa ai na ƙwan ci ne. Ƙwan da ake kwanci a kansa, in ya kusa fita dole ya taso, iska ce ta yi yawa a ciki. Ke da karatunki duka ba ki san wannan ba?" Na ce ba a koya mana a makaranta ba. Ta tambayi ko ruwan mai sanyi ne. Na ce ruwan tankin saman bene a zafin Jidda, ko da hantsi, da ɗuminsa yake fitowa. Ta ce, "To shi ya cece shi, bayan ikon Allah. Ki gaya wa baiwar Allahn nan ta cire hannunta, kada a sake taɓa shi, kada a sake haska shi. Ku bar uwar ta yi aikinta."

Na hau na isar da saƙo. Khala ta saurara, ta gyaɗa kai. Ta ce mahaifiyarta ƙwan kasuwa kawai take gwadawa a ruwa, yanzu ta tuna, ba ta taɓa ganin ta tsoma na akurki ba. Ta ce, "Na ga rabin abu, na ɗauka duka ne." Hana ta haskawa kuwa sai da na yi da gaske. Duk haɗuwarmu sai ta ce, "Kaɗan kawai, ya binti, leƙe ɗaya." Ni kaina hannuna ƙaiƙayi yake yi, domin wanda ya ga abin da muka gani ba ya ƙoshi. Sai na bar tocilar a ƙasa cikin jaka duk lokacin da zan hau, don kada shaiɗan ya zuga mu.

Abin da muka iya yi shi ne gadi. Ɗanta ya zo ya sake ragar, ya ninka ta. Khala ta kawo tabarma ta shimfiɗa a inuwar tanki, ta ajiye sanda a gefenta saboda kyanwa. Nan take sallah, nan take shan shayi. Ni kuma a wurin aiki sai in tsinci kaina ina kallon gilashin jini, hankalina yana kan wani ɗan baki da ke buɗewa yana rufewa a cikin ɓawo. Tsorona ɗaya ne, kada tsomawar nan ta riga ta yi masa illa, ya mutu a ciki muna zaune muna gadin gawa.

Ban daɗe da dawowa daga aiki ba wata la'asar, ko takalmi ban cire ba, na ji ana buga ƙofa da tafin hannu. Khala ce, mayafinta a karkace, tana haki saboda matakala. Ta ce, "Ta'ali, ta'ali, taho! Yalla!" Na bi ta a guje. A bakin akurkin ta durƙusa, ta sa bayan hannu ta ɗan ɗaga ƙirjin tantabarar. Ɓawon ya rabu biyu. A tsakiya ga wani ɗan abu jiƙe, jajir, da 'yan gashi rawaya manne a jiki, ido a rufe, ƙaton baki, wuya ya kasa ɗaukar kai. Gaskiya mummuna ne, ban taɓa ganin ɗan shila mai kyau ba, kuma wannan bai fita daban ba. Amma ƙirjinsa yana hawa yana sauka a fili, a cikin hasken rana, ba sai da tocila ba.

Na juya in yi mata barka, sai na ga ba ta ma san ina wurin ba. Hawaye na bin kumatunta suna ɗiga a kan katakon. Ta kai bakinta kusa da ragar, ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma a wannan karon babu Larabci ko kalma ɗaya.

Ta ce, "Sannu da hanya, ɗan Ummi. Ka yafe mini ɗan'uwanka."